Mai hoto na son wanke dogon fim a gida: ina ribar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kaduna, ina da ɗan shago. Yawancin aikina da kyamarar zamani nake yi, amma kusan shekara biyu ke nan matasa suna zuwa neman hoton fim, musamman baƙi da fari, wasu har a bikinsu. Na koyi wanki a gida da tankin Paterson mai faifai biyu (faifan da ake naɗa fim a kai kafin a zuba maganin wanki), kuma yana fita da kyau. Matsalata tsadar fim. Wani abokina da ke waje ya ce zai sayo mini babban naɗi mai ƙafa 100 in riƙa yankawa da kaina. Sai na ga maimakon in yanka mai hoto 36, gara in riƙa yin dogo mai 70 ko fiye, in wanke shi lokaci guda, in rage ɓarnar fim da magani da lokaci. An ce akwai manyan tankuna na wannan aikin. Naira dubu ɗari huɗu na ware. In sayi tankin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Babban naɗin nan ka saye shi, amma babban tankin ka bar shi inda yake. Ka haɗa shawara biyu a cikin tambaya ɗaya, kuma guda ce kawai ke da kuɗi a cikinta.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne zai raba gardama. Ƙafa 100 mita 30.5 ne. A fim mai faɗin milimita 35, kowane hoto yana cin milimita 38 na tsawo, wato huji takwas na gefen fim. Hoto 36 ke nan sun ci mita 1.37. Idan aka haɗa da harshen da ake ja a saƙala a kyamara da wutsiyar da ke manne a cikin kwanso, wato ɗan gwangwanin da fim ke ciki, naɗi guda yana kai wajen mita 1.65. Saboda haka babban naɗin zai ba ka ƙanana 18, jimillar hoto 648. To idan ka yanka masu hoto 72 fa? Kowanne zai ci kusan mita uku, ka samu guda goma, hoto 720. Bambancin hoto 72 ne, daidai da ƙananan naɗi biyu. Duk ribar da kake hange a dogon fim ita ce wannan: kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin fim, kuma sai idan komai ya tafi lafiya.

A wajen magani babu ko sisi da za ka rage. Maganin wanki ba ya ƙirga naɗi, yawan fim ɗin da ya ci yake ƙirgawa. Kodak da kansu, a ƙa'idar maganinsu D-76, sun ce idan an sirka shi da ruwa rabi da rabi, naɗi mai hoto 36 yana son kusan rabin lita. Mai 72 zai so kusan lita guda, ko a haɗe yake ko a rabe. Wanda ya matse magani ya cusa masa fim ninki biyu, hoton na iya fitowa a kwance, sararin sama da farar shadda duk su dushe. Lokaci kuwa, tankinka ya riga ya warware maka shi: faifai biyu, hoto 72, wanki ɗaya.

Yanzu ga abin da za ka biya kafin ka kama wancan kashi ɗayan. Kwanson fim na yau da kullum ba zai ɗauki mita uku ba. An yi shi ne don hoto 36, yana iya haƙuri da 38 ko 40, daga nan sai fim ya matse, ya riƙa gogar jikin kwanso, ka ga zane a tsaye daga farkon naɗi har ƙarshe. Wani lokaci ya cije a tsakiyar aiki, mai ɗauka ya ja da ƙarfi, hujin gefe ya yage. Agogon ƙirga na yawancin kyamarori ma a wajen 36 zuwa 40 yake tsayawa. Faifan tankinka shi ma iyakarsa ke nan. Ka tura masa fiye da haka, ragowar ta kwanta a kan 'yar'uwarta, inda suka manne magani ba ya shiga, sai ka tarar da tabo mai ruwan madara a daidai fuskar mutum.

Ba kai ne ka fara wannan tunani ba, kuma waɗanda suka riga ka manya ne. Kamfanin Ilford na Ingila ya taɓa fitar da fim ɗinsa HP5 mai hoto 72 a kwanso guda. Don ya shiga, sai da suka yi shi a kan leda siririya ta musamman, suka kuma ƙera masa faifan wanki nasa daban. Ledar nan ba ta tsinkewa, don haka idan ta cije, haƙoran kyamara ne ke shan wahala. Bai daɗe a kasuwa ba. Nikon da Canon da Olympus sun yi wani babban murfin baya mai ɗaukar mita goma, hoto 250, domin masu ɗaukar wasanni da ɗakunan bincike. Su waɗannan suna da injin wanki a bayansu, kuma abin da suke saye da tsadar shi ne kada a tsaya canza fim ana tsakiyar tsere. Kai a wajen biki kana da hutun da za ka canza fim sau goma.

Tankunan da aka ba ka labari na masu fim ɗin silima ne. Akwai na Lomo, ƙirar birnin Leningirad zamanin Tarayyar Sobiyet, wanda faifansa ke ɗaukar mita 15. Akwai Morse na Amurka, mai hannu biyu da ake juya fim gaba da baya a cikin magani, yana ɗaukar ƙafa 100. Dukansu sai na hannu ake samu, sun tsufa, robar Lomo tana tsagewa, in ta tsage babu mai gyara a kusa da kai. Na Lomo yana shan magani fiye da lita guda kafin ya rufe fim, ko mita uku ka sa masa ko goma sha biyar. Ga kuɗin kaya, ga na jirgi, ga na kwastan, ga canji. Rubuta jimillar, ka raba ta da kuɗin ƙananan naɗi biyu, za ka ga yawan manyan naɗin da sai ka ƙarar kafin tankin ya biya kansa. Ina tsoron shekaru za ka ƙirga.

Amma abin da ya fi damuna ba ya cikin wannan lissafin. Hoton biki ba a sake shi. Idan ka ɗauki kamu da ɗaurin aure da kai amarya a ƙananan naɗi huɗu, ɗaya ya lalace, ka yi asarar rubu'i, ka ba da haƙuri, ka nuna sauran ukun. Idan duk suna kan dogon naɗi guda ya manne a faifai, me za ka ce wa uwar amarya? Kuɗin za ka iya mayarwa, ranar ba za ka iya ba. Kasuwar hoton fim a garinku ƙarama ce, masu sonta sun san juna, labari ɗaya ya isa ya zagaye su kaf a kwana biyu. Garin neman ƙiba ake samo rama, kuma ƙibar a nan naɗi biyu ce kacal.

Ga yanayinmu kuma. Maganin baƙi da fari a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius aka tsara shi. A watan Afrilu ruwan da ya kwana a tankin saman gida ya wuce haka nesa, sai da ƙanƙara. Idan magani ya yi ɗumi lokacin wanki yana raguwa, kuma da zarar ya gaza minti biyar, wankin ba ya fita daidai, wani gefe ya fi wani. Sanyaya rabin lita da riƙe shi a haka abu ne mai sauƙi a cikin roba da ƙanƙarar naira kaɗan. Babban tanki kuwa cika shi da juye shi kaɗai na cin lokaci, ƙasan fim ya riga samansa shan magani. Sai shanya. Mita 1.65 za ta rataya a banɗaki daga sama zuwa ƙasa, ka yayyafa ruwa a daɓe don ƙura ta kwanta, ka ja ƙofa. Mita uku fa, a ina? A lokacin hunturu, jiƙaƙƙen fim da ya taɓa ƙasa ko bango ya gama yawo.

To ga inda kuɗin yake. Ka ɗauki babban naɗin nan kamar yadda ɗan Kantin Kwari ke ɗaukar bandir: a sara a dunƙule, a yanka daidai buƙatar mai saye. Ilford suna sayar da HP5 da FP4 da Kentmere a mita 30.5, haka ma Foma na ƙasar Cek, kuma Kentmere da Fomapan su ne masu sauƙin kuɗi. Kafin ka ce wa abokinka ya saya, haɗa duk abin da naɗin zai ci har ya iso hannunka, ka raba da 16, ba 18 ba. Guda na gwaji ne, guda na kuskuren hannu, domin kuskuren zai zo. A misali, in ya iso maka a kan dubu 160, kowane ƙarami ya tsaya maka dubu goma. Wannan adadin za ka gwada da farashin na kwali a ranar. Idan ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, wahalar ba ta biya ba, domin ba kowane fim ne sarinsa ke da rangwame mai yawa ba. Tambayi farashin kowanne daban.

Wata riba da ba ka ambata ba, kuma a ganina ta fi ta dogon fim: gajere. Yaron da ya zo da kyamarar kakansa yana son gwadawa, ba lallai yana da kuɗin hoto 36 ba. Yanka masa mai 12 ko 18. Harshe da wutsiya suna cin fim iri ɗaya ko naɗin gajere ne, don haka kuɗin kowane hoto ya ɗan ɗara, kuma yana da kyau ka gaya masa dalili. Zai dawo da wuri, kuma kowace dawowa akwai kuɗin wanki da na ɗora hoton a kwamfuta. A nan sana'arka take ci. Raba farashin uku a rubuce a bango: fim, wanki, ɗorawa. Mai aikin biki kuma ya ba da kafin alƙalami da zai rufe kuɗin fim tun kafin ka yanka.

Idan kuma wani ya nace sai hoto 72 a ɗauka guda, akwai hanyar da ba ta taɓa tankinka. Kyamarori masu raba hoto biyu, irin tsohuwar Olympus Pen da ta fito a 1959, da Kodak Ektar H35, da Pentax 17 ta 2024, suna fitar da 72 daga naɗi mai 36. Hoton ƙarami ne, in an faɗaɗa shi sosai ƙwayarsa na fitowa, amma ga masu sa shi a waya ya wadatar.

Daga cikin dubu ɗari huɗun nan, ni zan sayi babban naɗi ɗaya tak, iri ɗaya, da na'urar ɗura fim a kwanso, da jakar duhu mai kyau, wadda ake sa hannu a ciki a ɗura fim ba tare da haske ya taɓa shi ba, da ƙarin faifai biyu, domin jiƙaƙƙen faifan roba ba ya karɓar fim, kuma jiran ya bushe ne ke cinye maka yini. Kwanso kuwa, tsofaffin da aka bar wa ɗan guntun fim a baki suna aiki, ka manna sabo da salatif, ka goge bakin daga ƙura, ka yar da shi bayan amfani kaɗan. Ragowar kuɗin ka riƙe. Duba littafinka ka ga naɗi nawa kake ƙararwa a wata. In uku ne, babban naɗi ɗaya zai kai ka wata biyar zuwa shida, kuma duk tsawon nan kuɗinka na kwance a cikin gwangwani, a garin da zafi ke tsufar da fim kuma firji sai da wuta. Kada ka sayi na biyu sai na farko ya kusa ƙarewa. Ka kuma roƙi abokinka kada ya sa shi a jakar da ake aunawa a kai ɗakin kayan jirgi, ya riƙe a hannu ya nemi a duba da ido, saboda sababbin na'urorin haska kaya na filin jirgi suna lalata fim, kuma a nan naɗi 18 ne za su tafi tare.

Wata rana za a yi maka tayin fim ɗin silima mai kala, Kodak Vision3, a gwangwani mai ƙafa 400, da araha mai jan hankali. Wanda ke da baƙin shafi a bayansa wankinsa daban ne, kuma idan aka sa shi a injin wankin kala na shago, shafin yana narkewa ya ɓata maganin da fina-finan mutane. In ka taɓa sayar da irinsa, rubuta a jikin kwanson, ka kuma faɗa da baki.

Idan ka riga ka ɗura wani kwanso fiye da kima, ko wani ya kawo maka irinsa, kada ka tilasta wa faifai. Tun da haske, kafa ƙusa biyu a gefen tebur, tsakaninsu mita ɗaya da rabi. A cikin duhu ka auna fim ɗin a kansu, ka yanke, ka sa kowane yanki a faifansa. Almakashin zai bi ta kan hoto ɗaya, don haka ka sanar da mai fim ɗin tun kafin ka kashe fitila.