Ku Tambaye Mu: Shin Kwamfuta Za Ta Iya Nuna Yadda Ɗalibi Yake Gina Rubutunsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare da ke Tudun Wadar Kaduna, kuma ina karatun digiri na biyu. Ina so in binciki yadda ɗalibai suke rubuta insha'i da Hausa da kuma da Ingilishi, domin in gano a wane harshe suka fi shan wahala. Malamin da yake duba aikina ya ce in nemi manhajar da take naɗar duk madannin da aka danna a kwamfuta. Mece ce wannan manhaja, kuma za ta yi wa mai bincike a kan Hausa amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar da aka ba ki mai kyau ce, sai dai akwai wani rami a kan hanyar, wanda zan nuna miki bayan na yi bayanin manhajar.

Idan ɗalibi ya miƙo miki takardarsa, abin da kike gani shi ne gini bayan an gama shi an share wuri. Ba ki ga inda ya tsaya yana cizon biro ba, ba ki kuma ga jimlar da ya rubuta sau uku yana gogewa ba. Masana sun daɗe suna neman hanyar leƙa wannan ɓoyayyen aiki. A 1980 da 1981 wasu masana biyu na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, Linda Flower da John Hayes, suka bayyana cewa rubutu ya ƙunshi tsara tunani, da mayar da shi kalmomi, da sake dubawa, kuma marubuci yana kai-da-komo ne a tsakaninsu. Hanyar da suka bi ita ce su sa mutum ya riƙa faɗin abin da yake ransa da baki yayin da yake rubutu. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san cewa yaron da aka ce ya yi rubutu yana surutu ba zai yi irin rubutun da ya saba ba. Manhajar naɗar madannai ta zo ne ta rage wannan matsala, domin tana aiki a bayan fage: tana rubuta kowane harafi da aka danna ko aka goge, da motsin linzamin kwamfuta (mouse), da lokacin da kowannensu ya faru, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Guda uku ne suka fi suna. Inputlog an samar da ita a Jami'ar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aikin Mariëlle Leijten da Luuk Van Waes ne, tana aiki a kan Windows tare da Microsoft Word, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da ke, saboda ɗalibanki za su yi rubutu a muhallin da suka riga suka sani. Scriptlog daga Suwidin ta fito, tana da nata filin rubutun. Translog kuwa Arnt Lykke Jakobsen ne ya jagoranci samar da ita a birnin Kofanhegan na Danmak domin nazarin fassara. Matanin asali yana sama, mai fassara yana rubutu a ƙasa, kuma ana iya haɗa ta da na'urar da take bin motsin ido.

Bayan ɗalibi ya gama, za ki iya sake kunna rubutun ki kalle shi yana haihuwar kansa harafi bayan harafi, kamar kina kallon bidiyo. Za ki kuma samu alƙaluma. Mafi muhimmanci shi ne na tsayawa: sau nawa hannu ya tsaya, tsawon sakan nawa, kuma a ina, a tsakiyar kalma ne, ko tsakanin kalmomi, ko tsakanin jimloli. Yawancin masu bincike suna ɗaukar sakan 2 a matsayin iyaka, duk shirun da ya kai haka sai a lasafta shi tsayawa, amma wannan al'ada ce kawai, kuma ke za ki zaɓi taki iyakar ki bayyana dalili. Akwai kuma abin da zan kira zubin rubutu, wato adadin kalmomin da suke fitowa a jere tsakanin tsayawa biyu. Ann Chenoweth da John Hayes sun nuna a 2001 cewa zubin yana ƙara tsawo gwargwadon ƙwarewar mutum a harshen da yake rubutu da shi. Sannan akwai kwatanta abin da aka buga da abin da ya tsira: a ce ɗalibi ya danna haruffa 2000 amma 1500 suka rage a ƙarshe, ya goge kashi 25 cikin 100 ke nan.

To ga ramin. Manhajar tana gaya miki lokacin da hannu ya tsaya, amma ba ta san dalilin tsayawar ba. Ɗalibin da yake neman hujja da wanda yake neman harafi a kan allon madannai, shirunsu iri ɗaya ne a wurinta. Ga mai rubutu da Ingilishi wannan ƙaramar matsala ce, tunda allon don harshensa aka ƙera shi. Ga mai rubutu da Hausa kuwa babba ce, domin haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, babu su a kan kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Yarinyar da take son rubuta "ƙarfi" za ta tsaya ta haɗa madannai biyu, ko ta je neman alamar a wani wuri, ko ma ta kwafo ta daga wani layi. Idan ba ki lura ba, alƙalumanki za su ce ɗalibai sun fi tsayawa a Hausa, sai ki yanke hukuncin cewa harshensu na uwa ya fi ba su wahala, alhali kuwa allon ne ya yi musu tarnaƙi. Laifin tudu ba a ɗora wa gangare.

Maganin yana da matakai. Ki sa allon Hausa guda ɗaya a duk kwamfutocin, ko na Windows ko wanda ake samu ta manhajar Keyman, ki ba ɗalibai kwanaki su saba da shi, sannan ki gwada da kanki ki tabbatar manhajar tana naɗar haruffan daidai kafin ki tara kowa. Ki kuma fara da aikin kwafi, wato ki ba su gajeren matani su kwafa a kowane harshe. Tunda kwafi ba ya buƙatar ƙirƙira, zai nuna miki saurin yatsun kowa, sai ki auna insha'insa da wannan ma'auni. Daga ƙarshe, da zarar ɗalibi ya gama, ki zauna da shi ku sake kallon rubutun tare, ki tambaye shi abin da yake tunani a wuraren da ya daɗe. A ganina wannan zama shi ne zuciyar binciken, kuma gara ɗalibai 15 da kika zauna da su da 100 da kika tara lambobinsu kawai.

Wani abin da nake jin zai ba ki sha'awa shi ne gyare-gyaren ƙa'idar rubutu. Ki sa ido a kan inda ɗalibi ya rubuta "ya na" ya dawo ya haɗe, ko inda ya yi ta kokawa tsakanin "a kan" da "akan". Takardar ƙarshe tana ɓoye wannan kokawa, manhajar kuwa tana tona ta. Sai dai ki sani cewa sashen Inputlog da yake tantance azuzuwan kalmomi ba don Hausa aka gina shi ba, saboda haka wannan aikin da hannu za ki yi shi. Ki kashe gyaran kai-tsaye na Word, in ba haka ba zai ja wa yawancin kalmomin Hausa jan layi, har ya canza wasu. Kuma ki yi amfani da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu cikakken caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gwaji tana iya lalata aikin yini guda.

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya ce irin wannan manhaja ce ɓarayin intanet suke satar lambobin sirri da ita. Shin halas ne a yi amfani da ita? Daga wani ɗalibi a Unguwar Rimi.

AMSA: Abokinka ya yi gaskiya, fasahar ɗaya ce, abin da ya bambanta su shi ne sani da yarda. Sa ta a kwamfutar wani a ɓoye leƙen asiri ne, kuma Najeriya tana da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Mai bincike zai nemi amincewar kwamitin ɗa'a na jami'arsa, ya samu yardar kowane mahalarci a rubuce, da ta iyaye idan yara ne, ya kuma sa lamba a maimakon suna. Tunda Inputlog tana iya naɗar abin da aka buga a wajen Word, a gargaɗi mahalarta kada su buɗe imel ko Facebook ko asusun banki yayin gwaji, kuma a tsayar da naɗar a gaban idonsu da zarar sun gama.