Yadda na gane faifanka jabu ne

Ɗana, jiya da la'asar ka ajiye mini ƙaramin faifan nan a kan tebur, ka ce a kasuwar Katako ka tsinto shi cikin kwalin wani mai gwanjo da ya kawo kaya daga Kwatano, jikka biyar ka biya. Na ɗauka, na juya shi a hasken ƙofa, na mayar maka, na ce jabu ne. Ka yi shiru har muka rufe shago, sai a bakin titi ka ce: "Baba, ko a garmaho ba ka ɗora shi ba, ta yaya ka sani?" Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Jawo benci ka zauna, ka riƙe faifan a hannunka.

Kai takardar tsakiya ka karanta. Ka ga Ric-Tic, ka ga sunan mawaƙi Edwin Starr, ka tuna na taɓa faɗa maka Ric-Tic ƙaramin kamfanin faifai ne na Ed Wingate a birnin Ditiroit, wanda kamfanin Motown ya haɗiye a 1968, ka ce yau ka yi tsuntuwa. Duk abin da ke takardar daidai ne. Sai dai mai jabu ma ya iya karatu, kuma takarda ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo a jikin faifai.

Ni fako na duba. Haka muke kiran filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, inda allura take zagayawa ba sauti, kamar ƙasar da ba ta fid da ciyawa. Karkata shi ga haske. Ka ga ƴan haruffa da lambobi? Ga asalinsu. Idan an gama ɗaukar waƙa, ana yanka ta da inji a kan wani faifai mai laushi, wanda ya yanka ya sa lambar aiki a fako. Daga wannan faifan ake fitar da faranti na ƙarfe, da farantin kuma ake danna dubban faifai. Saboda haka duk abin da aka sa a fako ranar farko yana jikin kowane faifai da ya fito daga wannan farantin, ba ƙari ba ragi. Mai jabu ba shi da farantin. Dole ya sake yanka nasa, nan kuwa hannunsa yake tona masa asiri.

Takardarka tana ɗauke da lamba mai farawa da ZTSC. Haruffan nan alama ce ta aikin da kamfanin Columbia yake yi wa ƙananan kamfanoni na haya: a yanka a Shikago, a buga a masana'antarsu ta Terre Haute a jihar Indiyana. Lambarsu da inji ake buga ta a fako, haruffa a miƙe, tsawonsu ɗaya, kamar na keken rubutu. Duba taka. An karce ta da tsinke, S ɗin ya karkace, lambar ƙarshe ta fi sauran girma. Wani ne ya zauna yana kallon na asali yana kwafa.

Kada ka ɗauki wannan ka tafi kasuwa kana cewa duk rubutun hannu jabu ne, za ka zubar da dukiya. Faifai na asali da yawa da hannu aka rubuta lambarsu, musamman na ƙananan masana'antu. Aikin shi ne ka san ɗabi'ar kowane gida. Masana'antar Monarch ta Los Anjalis tana sa MR cikin da'ira, da wata alama mai kusurwa uku kafin lamba. Wasu za ka ga hatimin Bell Sound na Niyok, wasu Nashville Matrix, wasu ARP na wata masana'anta a Mishigan. Kamfanin Atlantic kuwa a takarda yake ƙara haruffa biyu bayan lamba, PL ko MO ko SP, su faɗa maka inda aka buga, sai ka duba ko fako ya yarda da abin da takarda ta ce. Littafin nan mai baƙin bango da kake gani ina rubutu ciki, abin da ke cikinsa ke nan: duk faifan da na tabbatar da shi, na kwafe abin da ke fakonsa harafi da harafi. Yanzu kuna da Discogs, shafin intanet da ke tara bayanan faifai, a salula, kuma yana da amfani, ka riƙa dubawa. Amma idon da ya ga na gaske sau ɗari ya fi hoton waya saurin ganewa.

Tun kafin in kai shi haske ma hannuna ya fara gardama. Ƙananan faifan Columbia na wancan zamani ba da binil ake yin su ba, da wata roba ce mai suna sitirin, wadda ake narkawa a zuba cikin mazubi. Ba ta da nauyi, ba ta lanƙwasa, bakinta a yanke yake, kuma idan ka ƙwanƙwasa ta da farce tana amsawa da ƙara siririya. Takardarta manna ta aka yi da gam, har za ka ji gefenta da yatsa, wani lokaci ta ɗago. Binil kuwa da zafi ake danna takardar cikin jikinsa, ta zama ɗaya da shi. Ɗan lanƙwasa naka a hankali. Ka ji ya bi hannu? Shafa gefen takardar, babu tudu. Binil ne yake da'awar an haife shi a gidan sitirin.

Za ka ce wa zai ɓata lokacinsa yana jabun faifan da ko a Amurka bai yi wata kasuwa ba. Amsar tana Ingila. Daga ƙarshen shekarun 1960 samarin arewacin ƙasar suka kamu da son waƙoƙin sol masu sauri na baƙar fatar Amurka, waɗanda aka buga kaɗan aka manta da su. Suna kwana rawa a gidaje irin su Twisted Wheel na Mancesta, da Wigan Casino wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Masu sa faifai har rufe takardar tsakiya suke yi su rubuta sunan ƙarya, don kada abokin gasa ya gano. Mutum dubu suna neman faifan da bai fi a ƙirga da yatsu ba, to ƴan jabu suka shigo suka cike giɓin. Labarin da kowa ya sani a sana'ar nan shi ne na Frank Wilson, wanda aka buga masa faifai a 1965 a Soul, reshen Motown, aka janye shi kafin ya shiga kasuwa. An yi jabunsa da sunan wani mawaƙi daban kafin Tamla Motown, sunan da Motown ke buga kayanta da shi a can, ta fitar da shi bisa ƙa'ida a Ingila a 1979. Ɗaya daga cikin na asali an sayar da shi fam 25,742 a 2009. Inda kuɗi ya kai haka, ƙarya ba ta nisa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na san ya yaudare ka. Ka ga ƙura, ka ga takarda ta koɗe, ka ce tsoho ne. Tsoho ne mana. Jabun da aka yi a shekarun 1970 ya kusa ko ya wuce shekara hamsin yanzu, ya sha ajiya, ya biyo kwantena cikin tsofaffin kaya har Yamai. A garin nan kuma, hunturu ɗaya da bazara ɗaya sun isa su tsufar da sabon faifai. Ni ma a ƙuruciyata na taɓa ba da kuɗin da na tara na wata uku a kan irin wannan, na kwana ban runtsa ba da na gane, shi ya sa jiya ban yi maka faɗa ba.

Ɗauko gilashin mai gyaran agogo ka duba takardar. Na asali an buga haruffansa kai tsaye, bakinsu tsaf. Naka hoton takarda aka ɗauka aka sake bugawa, shi ya sa ƙananan haruffa suka kumbura, cikin wasu ya cike da tawada. Na taɓa ganin wanda har tabon da ke jikin na asali ya fito a hoton. Idan muka ɗora shi a garmaho kuma za ka ji sauran. Daga faifai aka kwafe shi, saboda haka kaifin ƙaho da na ganga ya dushe, kuma za ka ji ƙas-ƙas a wurin da idonka bai ga karce ba, domin karcen na wancan faifan ne aka ɗauko tare da waƙar.

Akwai ƴan shekaru da nake so su zauna maka a ka. Takardar kamfanin Stax shuɗiya ce mai hoton tarin faifai har 1968, lokacin da suka rabu da Atlantic, sannan ta koma rawaya mai hannu yana kaɗa yatsa. Otis Redding, mawaƙin Stax, ya rasu a Disamba 1967. James Brown yana kamfanin King na Sinsinati har 1971, sannan ya koma Polydor. Harafin P cikin da'ira bai zama ruwan dare a faifan Amurka ba sai daga 1972, da dokar mallakar sauti ta fara aiki. Zanen layi-layin nan da ake haskawa a kanti kuwa sai ƙarshen shekarun 1970 ya hau rigar faifai. Faifan Amurka na waƙar 1966 da ke ɗauke da harafin P ɗin nan ko zanen layi-layin bugu ne na baya.

Bugun baya kuma ba jabu ba ne, ka rarrabe su da kyau, domin nan ne yaran yanzu suke zubar da abin kirki. Idan kamfani ya sake buga kayansa, halal ne, farashinsa ne kawai ya bambanta. Haka wanda aka buga da izini a wata ƙasa. Yawancin faifan sol da iyayenmu suka yi rawa da su a Yamai ta Faransa suka zo, inda kamfanin Barclay ke rarraba kayan Atlantic da Stax a shekarun 1960, da riga mai hoto, wasu waƙa huɗu a faifai ɗaya, an rubuta BIEM a tsofaffin, SACEM a na baya, wato sunayen ƙungiyoyin kare haƙƙin masu waƙa. Wasu ta Kano da Maraɗi suka shigo daga masana'antun Legas. Ina ƙaunar waɗannan har raina, musamman mai ɗauke da sunan mai shi da biro a takarda, don kada ya ɓace a gidan biki. Mai saye daga Turai yana rage kuɗi saboda rubutun nan, ni kuwa idan na gani sai in ji kamar na gaisa da mutumin. Idan ka ga ƙaramin huji na inji a takardar faifan Amurka, kada ka tsorata, alama ce ta kwantai da aka karyar da farashinsa aka fitar waje, kuma sau da yawa na gaske ne.

Naka ba za mu jefar ba, waƙar tana da daɗi kuma akwai mai son rawa da ba ruwansa da fako. Amma za ka rubuta "kwafi" a rigarsa da hannunka, ka sa jikka ɗaya, duk wanda ya ɗauka ka faɗa masa da baki kafin ya tambaya. Jikka huɗun da suka rage na ɗauke maka. Ka wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi, ban da kananzir ko alkol, ka tsayar da shi a tsaye nesa da kwanon rufi, ka san abin da zafin Afrilu yake yi wa roba.

Gobe bayan sallar asuba ka koma Katako kafin rana ta ɗaga, ka ce wa mai gwanjon ya riƙe mana kwalin. Ka tafi da gilashin da littafina. Ka ware su kashi uku da kanka, wanda ka yarda da shi, wanda ka ƙi, da wanda kake shakka, ni kuma zan same ka can da hantsi mu fara da na ukun.