Hunturu ya kama: me za a saya wa yara, me za a bar wa mai kemis?

Tun da hazo ya sauko, saƙonnin da ke shigo mini kusan kalarsu ɗaya: majina, tari, haɓo, jan ido. Ƙurar nan da kuke sharewa safe da yamma, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, kuma daga Nuwamba har wajen Maris tana tare da mu. Ga biyar daga cikin tambayoyin.

Anti, yarana uku, masu shekara 2 da 5 da 8. Duk sanyi sai mura ta zagaye su. Mai kemis ya nuna mini wani sirop wai mai ƙara garkuwar jiki, N9,000 kwalba, da bitamin C na tsotso. Maigida ya ba ni N20,000 na hidimar sanyi. In saya? (Wata uwa daga Zariya)

'Yar'uwa, bar masa abinsa a kan kanta. Ƙaramin yaro mai cikakkiyar lafiya yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ya shiga makaranta ko Islamiyya ma yakan wuce haka. Ƙwayoyin bairos masu kawo mura sun haura iri 200, jikin yaro kuma sai ya gamu da su ɗaya bayan ɗaya yake koyon yaƙarsu. Yaron da ya yi majina ya warke, yana cin abinci, yana wasa, nauyinsa na ƙaruwa, garkuwarsa lafiya lau take. Babu sirop ɗin da zai hana shi kwasowa daga ɗan ajinsu.

Bitamin C kuwa an daɗe ana gwada shi. Shan sa kullum ba ya hana kamuwa da mura, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta kaɗan. Kuma abin da jikin ɗan shekara 5 ke buƙata a yini bai wuce miligiram 25 ba. Goba ɗaya ta ninka wannan sau da yawa, domin bitamin C ɗin da ke cikinta ya kai wajen ninki huɗu na lemun zaƙi. 'Ya'yan kuka ma haka suke. In dai kwalba kike so, yi musu kwalba da nono. Sai dai kada a tafasa, dogon dahuwa na kashe shi. Lemon tsami ma sai ruwa ya huce ake matsawa.

Da ni ce, kuɗin nan kasuwa zan kai su. Allah Ya haɗa mana sanyi da kakar noman rani, lokacin da tumatir da karas da kabeji da alayyafo ke araha. A ƙara da kabewa a miyar taushe, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ɗan manja a faten wake. Waɗannan su ke ba da bitamin A, mai kula da fatar cikin hanci da maƙogwaro, inda ƙwayar cuta ke fara sauka. Sai ƙwai ko da sau uku a mako, gyaɗa, wake, kifi, da 'yar hanta jefi-jefi saboda ƙarin jini. Ragowar ki shiga 'yan gwanjo ki samo suwaita da hula da safa, ki sayi sabulu. Kada ki raina sabulun nan. Mura ta hannu take yawo: yaro ya share majina, ya ɗauki kofi, ƙanensa ya sha. Wanke hannu in an dawo daga makaranta da kafin cin abinci ya fi abin da ke cikin kwalbar N9,000.

Akwai kuma wanda ba ya cin ko sisi. Ɗan shekara 2 ɗin nan yana cikin waɗanda ake ɗiga wa bitamin A duk wata shida, daga wata 6 har shekara 5, a asibitin sha-ka-tafi ko a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Shuɗin kafso na 'yan ƙasa da shekara ne, ja na waɗanda suka haura. Ki ɗauko katinsa ki duba: allurar sati 6 da 10 da 14, waɗanda a cikinsu akwai ta ciwon nimoniya da ta tarin shiƙa, sai ta ƙyanda a wata 9, da ta biyu a wata 15. Ta biyun nan ce iyaye suka fi mantawa, don a lokacin an ga yaro ya miƙe da ƙafarsa.

Barci ma a lissafa shi. Ɗan shekara 5 yana son awa 10 zuwa 13, ɗan 8 awa 9 zuwa 12. Yaron da ke riƙe da wayar babarsa har sha ɗayan dare, a tashe shi da asuba, ba ya samun wannan.

Jikana watansa 8, kwana huɗu yana tari da toshewar hanci. Ni na ce a ba shi zuma da man shanu kamar yadda muka yi wa ubansa. Uwarsa ta ce sirop ɗin tari za ta saya. Wa ya fi gaskiya? (Kaka daga Katsina)

Hajiya, ki yi haƙuri, a wannan karon daga ke har surukar taki babu wadda zan bai wa gaskiya.

Zuma magani ce, kuma a tarin yara ta yi abin a yaba: rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin barci yana lafar da tarin dare. Amma sai yaro ya cika shekara. Zuma takan ɗauko wata ƙwayar bakteriya wadda hanjin babba ke iya kashewa, na jariri kuwa bai yi ƙwarin haka ba. In ta zauna a cikinsa takan fitar da dafi mai saki jiki, yaro ya kasa kama nono, har numfashi ya gagara. Ba kowa take kamawa ba, shi ya sa babansa ya tsira, amma ba cacar da za a yi da jika ba ce. Saura wata huɗu, a ajiye masa kwalbarsa.

Sirop ɗin tari kuma likitocin yara ba sa ba da shawararsa ga ƙananan yara, balle ɗan wata 8. Amfaninsa kaɗan ne, wasu na sa magagi, wasu na haɗe da farasitamol a ciki, uwa ta ƙara wani a kai ba ta sani ba. Ga kuma gurɓatacce. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, a 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan sirop ɗin tari da mura mai guba. Duk maganin ruwan da za a saya wa yaro a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kuma kada a saya a faranti ko a baro. Haka nan kada a bari mai kemis ya haɗo da Amoxil ko Septrin. Antibayotik bakteriya yake kashewa, mura kuwa bairos ce.

Abin saye ɗaya ne, kuma mai araha: ruwan gishirin ɗigawa a hanci. Ɗigo biyu a kowane ƙofar hanci kafin shan nono da kafin barci, majina ta yi laushi a share. A yawaita ba shi nono. In da zazzaɓi, farasitamol gwargwadon nauyinsa. Aspirin da hodar Alabukun ba na yara ba ne sam. Tarin mura yakan kai sati biyu har uku kafin ya ɗauke, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, kuma ba dalilin kai shi gun wanzami a cire beli ba ne.

Ga aikin da zan ba ki, Hajiya, tunda kin fi uwar natsuwa. In ya yi shiru ko yana barci, ki yaye rigarsa, ki kalli agogo, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. A shekarunsa, 50 ko fiye ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, 40. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60. In ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko jijjiga, to ba a kwana da shi a gida, sai asibiti. Alamun nimoniya ke nan da makamantanta, a can ne antibayotik ke da aiki.

Ɗakin yaranmu sanyi gare shi sosai. Wuta ba ta tsayawa, hita ba za ta yi mini amfani ba. Ina tunanin sayen kurfoti na riƙa sa musu gawayi da dare. (Magidanci daga Damagaram)

Malam, sayi bargo. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Farkonta ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a ƙwanƙwasa da safe a ji shiru. Yara sun fi saurin faɗawa. In dole sai an ɗumama ɗakin, a shiga da kaskon da yamma taga a buɗe, yaran na waje, a fitar da shi kafin a kwanta. Kuɗin kurfoti da buhun gawayi za su saya maka bargo mai kauri, labule mai nauyi a ƙofa, da tabarma ko darduma a ƙarƙashin katifa, don sanyin siminti ta ƙasa yake hawowa. Riga biyu marasa kauri da hula da safa sun fi jibgegiyar riga ɗaya. Jariri dai kada a lulluɓe masa fuska.

'Yata shekararta 6. Da hazo ya taso sai atishawa ba ƙaƙƙautawa, idonta ya yi ja tana sosawa, da dare ƙirjinta na fito. Likita ya rubuta inhela, dangin babanta sun ce in ta fara ba za ta daina ba. Wata ƙawata kuma ta ce in sayi na'urar da ke fesa raɓa a ɗaki. (Maman 'ya mace, Kano)

Ƙanwata, sayi inhelar, wato maganin asma da ake fesawa a baki a shaƙa, yau ɗin nan. Ba ta sa sabo. Shuɗiyar, mai salbutamol, buɗe hanyar iska take yi cikin 'yan mintuna, kuma da yake kai tsaye huhu take zuwa, abin da ke shiga jiki bai kai na sirop ko ƙwaya ba. In likitan ya haɗa da ta kullum, mai hana tashin ciwon, ita ma a riƙe ta ko da yarinya ta ji sauƙi. Yaro ba ya iya daidaita fesawa da jan numfashi, don haka ki nemi bututun da ake jona mata. In ya yi tsada, likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada robar lemo ta rabin lita, a huda gindinta a cusa bakin inhelar, suka ga tana aiki. Ki ce ma'aikacin asibiti ya nuna miki. In kuma tana neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ku koma gun likita.

Na'urar raɓa tana son wuta, tana son wanki kusan kullum, in ba haka ba ta koma fesa ƙwayoyin cuta da funfuna, abin da mai asma ba ta so. Ban ga dalilin kashe kuɗin ba.

Yanzu bari in taɓo inda ke da zafi. Turaren wuta. Na san gidan mace ba ya cika sai da shi, ni ma ina da kaskona. Amma hayaƙi hayaƙi ne a huhun mai asma, ko na hawi ne ko na sandal. Haka maganin sauro na kunnawa, haka hayaƙin murhu. A yi turaren tana makaranta, a buɗe tagogi, ɗakin barcinta kuma a bar shi haka nan, gidan sauro ya isa. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Ranar da hazo ya yi kauri ta sa takunkumi zuwa makaranta. Ɗan ƙasa da shekara 2 ne ba a sa wa.

Atishawa da ƙaiƙayi, a tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani kan cetirizine ko loratadine, ba sa sa gyangyaɗi a aji kamar Piriton. Ido kuwa a wanke da ruwa mai tsabta, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki karɓi maganin ɗigawa mai siteroyid a kemis ba da rubutun likitan ido ba. Yana kwantar da jan nan take, shi ya sa ake son sa, amma daɗewa a kansa na kawo hawan jinin ido da yanar ido. Kwalli ma a ɗaga mata ƙafa.

Ɗana yawan haɓo yake yi, leɓensa duk ya tsage. Robb ya fi ko basilin? Sikila gare shi. (Uwa daga Gusau)

Basilin ko man kaɗanya, a leɓe da ƙafa da ɗan bakin hanci, bayan wanka jiki da sauran danshi. Man zafi ba a cusa shi a hanci, ba a kuma shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. In haɓon ya zo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, ki matse tattausan wurin hancin minti 10 ba saki.

Amma kalmarki ta ƙarshe ta fi tambayar nauyi. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne manyan masu tayar da ciwon sikila, a hunturu kuma yara ba sa jin ƙishirwa alhali busasshiyar iska na zuƙe su. Ki saya masa gorar ruwa ta makaranta, ki riƙa duba ko ya shanye. Wanka da alwala da ruwan ɗumi, wankan ma a bari sai rana ta ɗaga. Zazzaɓi a jikinsa, ko yaya yake, na asibiti ne a ranar. Tunda kuma daga Disamba zuwa Yuni lokacin sanƙarau ne a yankinmu, in kun je ki tambaya ko an yi masa allurarsa.