Kwana shida aka ɗauki Detour? Kada ka sayar da babur tukuna

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin Amurka Detour na 1945, aka ce mini cikin kwana shida aka ɗauke shi da ɗan kuɗi kaɗan. Ina shirin sayar da babur ɗina in yi irinsa, amma gabana sai faɗuwa yake. Shin ƙarancin kuɗi ne sirrin waɗannan finafinan na masu laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, faɗuwar gaban nan taka tana kan hanya. Zancen kwana shida daga bakin daraktan, Edgar Ulmer, ya fito, amma takardun aikin sun nuna an kai mako biyu. Na gaji da masu yaɗa wannan labari, suna hure wa yara kunne cewa talauci shi ne gwaninta. Kafin Ulmer ya faɗa ƙaramin kamfanin fim na PRC da ya shirya Detour, ya yi aiki da shahararren darakta ɗan Jamus Murnau, ya kuma yi wa babban kamfanin Universal fim a 1934. Hazon da ya cika titin New York da shi a Detour dabara ce ta wanda ba shi da kuɗin gina titi, amma ya san inda zai dasa fitila. Duhun mai ɗaukar hoto John Alton a fim ɗin T-Men na 1947 ma auna shi aka yi. Kai kuwa in ka kashe fitila kawai, baƙin allo za ka samu. Fashin bankin da ke cikin fim ɗin Gun Crazy na 1950, da aka ɗauka a jere ba yankewa daga kujerar bayan mota, sai da aka tsara shi aka gwada kafin ranar ɗauka.

Ƙarfin waɗannan finafinan a fili yake: ba su da surutu, Detour ko minti 70 bai cika ba, kuma jarumarsa Ann Savage tana buɗe baki sai ka gyara zama.

Aibu kuwa akwai shi. A Detour an juya hoton wasu wurare har motoci suka koma bin hannun da ba nasu ba. Labarin ya jingina da tsautsayi fiye da kima, har da mutuwa ta igiyar tarho. Dokar tace finafinai ta Hays, da Amurka ke bi a lokacin, ta hana mai laifi ya sha, shi ya sa aka riƙa manna wa wasu finafinan ƙarshen da bai zauna ba.

Ka fara rubuta labarin mutum uku a ɗaki biyu, ka zana kowane hoto a takarda, ka gwada da waya da fitila ɗaya. Bayan nan sai mu yi maganar babur.