Amsar murya: auna tiriftofan a jinin masu cutar Fakinson

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na saurari tambayarki: kina son auna tiriftofan (sinadarin da muke samu daga furotin na abinci) da kainurinin (abin da jiki ke mai da shi) a jinin masu cutar Fakinson, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa, ki kwatanta da na masu lafiya, ko hakan zai nuna abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. To, ba kai tsaye ba.

Yawanci da an ambaci tiriftofan sai a tuna serotonin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, alhali abin da ke tafiya can bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Kusan kashi 95 hanyar kainurinin yake bi. Ƙofar hanyar guda biyu ce, wato enzayim biyu, sinadaran da ke sarrafa shi: TDO a hanta, wanda kotizol, sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa, ke zaburarwa, da IDO, wanda ke tashi duk lokacin da garkuwar jiki ta motsa. Riƙe wannan na biyun, shi ne zai ba ki wahala.

Kainurinin yana ketarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, a can hanya ta rabu. Ƙwayoyin astirosait, masu tallafa wa jijiyoyi, suna mai da shi kainurinik asid, mai toshe makarɓar NMDA, wata ƙofa a jikin ƙwayar jijiya, wato yana kare jijiya. Maikurogiliya kuwa, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, ta hanyar enzayim KMO, suna kai shi ga sinadarin 3-HK, daga nan zuwa kwinolinik asid, wanda ke buɗe wannan makarɓa ɗin, kalsiyam ya yi ta kwarara har ƙwayar ta mutu. Tun 1983 Schwarcz da abokan aikinsa suka nuna ɓarnar kwinolinik asid a ƙwaƙwalwar ɓera, kuma har yau da shi ake kwaikwayon cutar Hantintin, wata cutar ƙwaƙwalwa ta gado, a ɗakin gwaji. A 2024 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka toshe IDO1, wani nau'in IDO, a ɓeraye masu alamun cutar mantuwa ta Alzaima, tunaninsu ya gyaru. Ɓeraye fa na ce, ba mutane ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kainurinik asid da kwinolinik asid da kyar suke ketare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Saboda haka abin da kika gani a jini labarin hanta da ƙoda da garkuwar jiki yake ba ki. Labarin ƙwaƙwalwa sai a ruwan da ke kewaye da ita da lakar ƙashin baya.

Sannan a wajenmu akwai zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, da HIV. Dukkansu suna ɗaga IDO, tiriftofan ya sauka, kainurinin ya hau. In ba ki tantance ba, maleriya za ki auna ki kira ta Fakinson. Ki yi wa kowa gwajin maleriya da CRP (ma'aunin kumburi a jiki) da kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda), domin ƙodar tsoho in ta yi rauni waɗannan asid ɗin taruwa suke yi. Masu lafiyar ma su zama sa'annin marasa lafiyar, tunda shekaru kaɗai suna ɗaga kainurinin. Ki rubuta magungunan kowa, musamman kabidofa da ake ba masu Fakinson, don yana taɓa enzayim masu aiki da bitamin B6, kuma hanyar nan da B6 take tafiya.

Ɗiban jinin kuma da safe, kafin a karya, a lokaci guda ga kowa, a kwalbar EDTA mai hana jini gudajewa. A sa a ƙanƙara, a juya a inji a raba ruwan jinin cikin awa guda, a rarraba a ƙananan kwalabe, a rufe daga haske, sai firiza mai awo 80 ƙasa da sifili. 3-HK ba ya jure narkewa da sake daskarewa, don haka ki tabbatar firizar tana da janareto ko sola kafin ki ɗebi jinin mutum ɗaya.

Injin HPLC zai ba ki tiriftofan, wajen maikuromol 50 zuwa 60 a lita, da kainurinin wajen 2. Sauran a nanomol suke, wato sun yi ƙanƙanta ƙwarai, sai injin LC-MS/MS ne zai gano su. In babu shi, ki tsaya kan waɗannan biyun, kuma ki rubuta a taken aikin cewa motsin garkuwar jiki kika auna. Turo min tsarin naki da yamma in duba.