Tambaya da Amsa: Shiga Ramukan Ruwan Yukatan

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni ƙasar Meziko a watan gobe, kuma abokan tafiyata sun shirya mu je mu yi iyo a ramukan ruwan nan na yankin Yukatan. Ni kuwa ban ƙware a iyo ba. Mene ne asalin waɗannan ramuka, kuma shin shigarsu ba ganganci ba ne ga irina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ramukan da kake nufi su ne ake kira senote, sunan da ya samo asali daga harshen mutanen Maya, wato ’yan asalin yankin. Yankin Yukatan yana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa, wanda ruwan sama yake ci sannu a hankali har ya rarake cikinsa ya bar kogwanni cike da ruwa, kuma duk inda rufin kogo ya yi rauni ya rufta, sai ruwan ya bayyana kamar wata ƙatuwar rijiya. Akwai dubbansu, kuma da yake kusan babu kogin da ke gudana a bisa ƙasa a arewacin yankin, da su mutanen Maya suka dogara wajen samun ruwan sha.

Shawarata ita ce ka je, amma kada ka yarda da abin da idonka zai nuna maka. Ruwan garau yake, har kana hango dutsen da ke can ƙasa kamar ka miƙa ƙafa ka taka shi, alhali tsakaninku akwai nisa mai yawa. Ɗauki misalin ramin Ik Kil da ke kusa da tsohon birnin Chichen Itza: za ka sauka ta matakala kimanin mita 26 kafin ka isa bakin ruwa, saiwoyi suna reto daga sama, ƙananan baƙaƙen tarwaɗa suna kewayawa, amma zurfin ruwan ya kai mita 40, kuma babu gaɓar da mai koyo zai tsaya ya huta. Saboda haka ka sa rigar da ke hana nutsewa, wadda ake bayarwa a yawancin wuraren da ke karɓar baƙi, ka ɗaure ta tamau, kada kunyar abokai ta sa ka ajiye ta. Ka riƙe igiya ko ƙarfen matakala, domin dutsen yana da santsi, kuma kada ka yi tsalle daga sama ko da ka ga wasu suna yi.

Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne shiga lungun kogo. Kogwannin Sak Aktun da ke wajen garin Tulum sun haura kilomita 300 a ƙarƙashin ƙasa, kuma wanda ya ɓata a ciki ba shi da sararin da zai ɗago kai ya shaƙi iska. Wannan fage ne na ƙwararrun masu nutso da suka sami horo na musamman.

Za a buƙaci ka watsa ruwa kafin ka shiga, a kuma hana ka shafa man kare fata daga rana. Kada ka ɗauki hakan a matsayin takura, domin ramukan a haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa, kuma daga wannan ruwa mutanen yankin suke sha har yau. Haka nan ba kowane rami ake iyo a ciki ba. Wanda ke cikin Chichen Itza wuri ne da Maya suke miƙa hadaya ga abin bautarsu na ruwan sama, kuma lokacin da wani Ba’amurke mai binciken kayan tarihi, Edward Thompson, ya fara yashe shi a 1904 an fito da zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutane. Wannan kallo kawai ake yi daga bakinsa.

Idan da hali, ku yi sammako kafin motocin masu yawon buɗe ido su iso, domin a lokacin ne matakala ba ta da cunkoso, mai tsaron wurin kuma zai fi iya sa maka ido.