Amsa ga mai tambayar takardun tahiya a babban jirgin ruwa

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ka yi tambaya jiya da dare, na ga an ba ka amsoshi gajeru gajeru, wani ya ce katin ɗan ƙasa ya isa wani ya ce paspor kawai, shi ya sa na ce bari in zamna in rubuto maka da tsawo tunda ni na taɓa yin wagga tahiya kuma na sha wuyarta tun ban ga ruwan da idona ba. Ka ce kai da madam kuna son shiga babban jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, kurwaziyer, kwana 7 cikin Bahar Rum daga Barselona, paspor ɗinka saura wata 5 ya mutu, kuma ka karanta a intanet wai da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa ma ana shiga.

To abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai ba da kai ake ba. Ba'amurke in jirgi zai tashi daga tasha ta ƙasarsu ya dawo wannan tashar, an yarda mai ya nuna takardar haihuwa da kati mai hoto. Bafaranshe ko ɗan Italiya ma da katinshi yana yawo cikin Turai. Mu ƴan Nijar ba mu cikin wanga lissahi ko kaɗan, mu paspor ne da biza, katin ɗan ƙasa ka bar shi cikin aljihu don bariyar jandarmomi hanyar Tahoua.

Paspor mai saura wata 5 kar ma ka soma. Dokar Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, ta ce sai ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar da za ka hita ƙasashensu, da shahi 2 da ba a buga komi ba, amma masu jiragen ruwa galibinsu wata 6 suke nema bayan ranar da tahiyar ta ƙare, kuma su ne ke tsaye bakin ƙofa ba doka ba. Ka tahi wurin da ake yin paspor ka sake sabo tun kahin ka biya ko dala, don lambar paspor ɗin da ita ake cika takardun jirgi da na biza, in ka canza a tsakiya sai ka koma gyaran komi. Na san wasu za su tambayi maganar paspor ɗin CEDEAO da na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, tunda munka hita CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025, to an sanar tsohon paspor yana aiki har ranar mutuwarshi, in na madam da sauran shekaru ba sai ta canza ba.

Yanzu ga inda ni na faɗa rami. Cikin 2019 ni da Hajiya munka shirya, ɗanmu da ke karatu Liyon shi ya matsa mana wai mu huta ko sau ɗaya, mu da ruwanmu bai wuce tabkin Tabalak da kallon gulbi daga saman gadar Kennedy ba. Jirgin daga Marsei zai tashi, ya bi Barselona, Kazablanka, Tenerif, Madera, Malaga ya dawo. Na ba wani mai ajans nan Yamai dosiye, ya cika, biza ta hito, muna murna har munka yi sallama da dangi. Sai da munka sauka Faransa, saura kwana 3 a shiga jirgi, yaron ya ɗauki paspor ɗina yana dibawa sai na ga huskarshi ta canza, ya ce Baba wagga biza shiga ɗaya ce. Wurin da ake rubuta yawan shiga 01 anka sa, ba MULT ba, wato shiga da yawa. Ni wallahi ban taɓa sanin akwai wanga layi ba, kwanan wata kawai na diba.

Ma'anarshi, shigar da munka yi a hilin jirgi ita ce shigar tamu guda, da jirgi ya tsaya Kazablanka mun hita Shengen ke nan, to komawa Tenerif shiga ta biyu ce kuma ba mu da ita. Tenerif da Madera ko da kake ganinsu kusa da Afirka cikin taswira, ɗaya ta Sipaniya ce ɗaya ta Fotugal, duka Shengen ne. Na ce ma yaron to ai sai mu zamna cikin ɗaki Kazablanka ba mu sauka ba, ya kira su, sunka ce a'a, ko ka sauka ko ba ka sauka ba jirgi ya shiga ruwan wata ƙasa da kai, takardunka sai sun cika tun ranar shiga, in ba su cika ba bakin tasha za a bar ka kuma ba a maida kuɗɗi, yana rubuce cikin sharuɗɗan da na sa ma hannu ban karanta ba. Da ƙyar anka maida mu wani jirgi da bai hita Shengen ba, Sipaniya da Italiya da Malta kawai, na yi asarar kuɗɗi masu yawa kuma Hajiya har yau in tana son ta ba ni haushi sai ta ce ina Kazablanka. Mai ajans na da laihi amma nawa ya hi, ni ban ba shi jerin tashoshin ba, biyen jirgin sama kawai na kai mai.

Don haka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa ma naka ruwa. Ka buɗe jerin tashoshin da jirgin naku zai tsaya, ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta ƙasar kowace. In ka ga Tunis ko Tanja ko wata tashar Turkiyya ko Ingila ko Kuburus a tsakiya, bizar shiga da yawa za ka nema, ka sa takardar jirgin ruwan cikin dosiye don mai dibawa ya ga dalili, sannan ita wannan ƙasar ka tambaya daban ko tana neman tata biza ga ɗan Nijar. Turkiyya da Ingila dai suna nema. Kuroshiya kuma ta shiga Shengen tun Janairun 2023, ita ba matsala.

Ambasad ɗin da za ka nema wurinta ita ce ta ƙasar da za ka hi daɗewa, in kwanakin daidai suke sai ta wadda za ka fara shiga, kai da za ka kwana otel Barselona galibi Sipaniya ke nan. Ta Faransa nan Yamai a ruhe take tun Janairun 2024. Kuɗin biza lokacinmu yuro 60 ne, yanzu 90 tun watan Yunin 2024, wajen jika 59 kowane mutum, kuma in anka hana ka ba a maidowa. Da asurans ta lahiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya aje dosiye tun wata 6 kahin tahiya, amsa kwana 15 ce amma tana kai 45, to kar ka tsaya sai saura wata ɗaya.

Karnen allurar shawara ku tahi da shi, wannan mai ruwan ɗorawa. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma in sabuwa ce sai ta kwana 10 take aiki. Suna kuma, mu da Mahamadou ke zama Mamane, yadda yake cikin paspor harahi da harahi haka za a sa ga biye, ita madam ma sunanta na paspor ba naka ba. In da juna biyu ku lissafa, ya kai sati 24 ba su ɗauka. Yaro ko jinjiri ne da nashi paspor da tashi biza.

Cikin jirgi za su ba kowa kati guda, shi ne makullin ɗaki, da shi kake sayayya, shi ake dannawa in za ka sauka in za ka hau. Wani lokaci suna karɓe paspor su aje wurinsu, kar hankalinka ya tashi, amma ka yi fotokopi da hoto cikin waya. In sun bar maka shi, ni da nawa nike sauka kullum cikin aljihun ciki, don jirgi ba motar Rimbo ba ne da za ka ɗaga hannu ta tsaya, in ka makara ya tahi, kuma ba ka bin shi tasha ta gaba ta sama sai da paspor.

Ka turo jerin tashoshin nan in ka samu, in diba maka bayan isha'i in sha Allahu. A gaida madam.